Yadda Kamfani Zai Zaɓi Manhajar Kula da Shari'o'insa da Kuɗin Lauyoyi

Duk kamfanin da ya kai ga ɗaukar ma'aikata da yawa, da hayar sito, da sa hannu a kwangila da mutanen da ba danginsa ba, to ya kai matakin da shari'a za ta riske shi, ko dai shi ya kai ƙara ko kuma a kai shi. Wannan ya shafi 'yan kasuwarmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina kamar yadda ya shafi kowa a birnin Akra, wanda mu a zango muke kira Ankara, musamman masu manyan motocin da ke kwasar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema su bi ta Kumasi da Tamale har Paga, da masu canjin kuɗi, da masu odar kayan gyaran mota, da 'yan kwangilar gine-gine. Muddin shari'ar ɗaya ce ko biyu, mai kamfani yakan riƙe ta a ka, ya kira lauyansa a waya idan ya tuna. Da zarar sun kai goma ko ashirin, wasu a Akra, wata a Kumasi, wata a gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, ga lauyoyi uku ko huɗu kowa na aiko da takardar neman biyansa, sai abin ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa, littafin akawu ma ya gaza.

Na yi shekaru ina riƙe da takardun wani kamfanin sufuri a nan Akra, kuma sammaci guda ɗaya ne ya koya mini nauyin wannan batu. Ma'aikacin kotu ya kawo shi ofishinmu a ranar da maigidan ya yi tafiya, yaron da ke teburin karɓar baƙi ya karɓa ya sa a durowa da niyyar miƙawa idan an dawo, sai ya manta. A ƙa'idojin Babbar Kotu na 2004, waɗanda lauyoyi ke kira C.I. 47, wanda aka kai ƙara yana da kwana 8 daga ranar da aka ba shi sammaci ya sanar da kotu cewa zai bayyana, sannan yana da kwana 14 bayan cikar wannan wa'adi ya shigar da takardar kare kansa. Duka biyun suka wuce ba mu sani ba, aka yanke hukunci a bayan idonmu, kuma ba mu farga ba sai da banki ya sanar da mu cewa kotu ta ba da umarnin riƙe kuɗin da ke asusunmu. Lauyanmu ya yi ƙoƙari har aka jingine hukuncin, amma a makonnin da aka ɗauka ana wannan fafutuka, albashin direbobi ya makara, motoci biyu suka tsaya saboda rashin kuɗin mai. Da na je gaban maigidan na ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, laifin ba na yaron nan kaɗai ba ne, domin ba mu da wurin da ake rubuta takardar kotu a ranar da ta shigo," sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a nemo abin da zai hana a maimaita.

A wajen wannan nema ne na gane cewa aiki biyu ake sayen manhajar kula da shari'o'i da kuɗin lauyoyi ta yi: kada wata rana ta kotu ta wuce ba a sani ba, kuma a kowane lokaci a iya faɗin abin da kowace shari'a ta ci da abin da za ta iya ci nan gaba. Na kuma gane cewa galibin manhajojin da suka yi suna an ƙera su ne domin kamfanonin Amurka da Turai, bisa yadda kotunansu ke aiki da yadda lauyoyinsu ke caji, saboda haka mai saye da ke zaune a Gana dole ya auna su da shari'o'insa na ainihi, ya bar kallon ƙayatattun zane-zanen da mai sayarwa ke nunawa a allo.

Kafin a kira mai sayarwa

Matakin farko ba ya buƙatar sayen komai. A buɗe tebur a Excel, a rubuta wa kowane lauya da kamfani ya taɓa hulɗa da shi wasiƙa ana neman jerin duk abin da yake riƙe da shi da sunan kamfanin. A kowace shari'a a rubuta sunayen ɓangarorin, da lambar ƙara, da kotun da take, da lauyan da ke tsaye a kai, da adadin kuɗin da ake jayayya a kansa, da ranar zama ta gaba, da jimillar abin da aka biya tun farkonta. Wannan aiki yana da gajiyarwa, kuma a nan ne abubuwa ke fitowa fili: shari'ar da aka ɗauka ta mutu alhali tana nan, da wadda aka ci nasara amma ba a taɓa bin kuɗin ba, da wadda aka biya lauya sau biyu saboda an ba shi wani kaso ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ba a rubuta ba.

Kada a taƙaita jerin ga abin da ke gaban alƙali. Wasiƙar gargaɗi da lauyan wani ya aiko, da ƙiyasin haraji daga GRA, hukumar tara haraji ta Gana, da ba a yarda da shi ba, da rigimar haya a ofishin kula da haya, da takaddamar fili a Hukumar Filaye, da neman diyya daga kamfanin inshora bayan hatsarin mota, duk batutuwa ne masu wa'adi da kuɗi. Haka kuma sulhun da aka yi a gaban sarkin zango ko liman ko shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa, wanda yawancin rigingimunmu a can suke ƙarewa. Dokar sasanci ta 2010, mai lamba 798, ta amince da sasancin gargajiya, don haka abin da aka amince da shi a zaure yana iya zama abin dogaro gobe, kuma ya cancanci a rubuta shi da ranarsa da shaidunsa kamar kowane hukunci.

Idan aka gama sai jerin ya nuna batutuwa shida ko bakwai a hannun lauya ɗaya, shawarata ita ce kada a sayi komai tukuna. Wannan teburin, da kalandar da mutum biyu ke gani a wayoyinsu, da babban fayil mai tsari a SharePoint ko Google Drive, sun wadatar. Buƙatar manhaja ta musamman tana farawa ne idan lauyoyin waje sun yawaita, ko kamfani yana da rassa, ko kuma an kai matsayin da akanta ba ya iya amsa tambayar nawa aka kashe a kan shari'a bana sai ya yi kwana biyu yana tono.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan, wato sayen manhajar da aka yi domin ofishin lauyoyi. Clio, alal misali, manhaja ce mai kyau, amma an gina ta ne domin lauya ya ƙidaya lokacinsa, ya caji waɗanda yake wa aiki, ya kula da kuɗin amanar da ke hannunsa. Kamfani kuwa shi ne mai karɓar cajin, don haka abin da ya dace da shi shi ne irin waɗanda aka yi domin sashen shari'a na cikin kamfani. Daga cikinsu akwai Legal Tracker na Thomson Reuters, da SimpleLegal, da Brightflag, waɗanda ƙarfinsu ya fi karkata ga tantance takardun biyan lauyoyi, sai LawVu da Xakia waɗanda suka fi mayar da hankali ga tsara batutuwa da aikin yau da kullum. Manhajar adana kwangiloli kuma wata aba ce daban, ko da yake wasu kan haɗa ta a ciki.

Ranaku

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a harkar kotu kwana ɗaya yana iya raba kamfani da haƙƙinsa. Manhajojin Amurka da dama suna alfahari da cewa suna lissafa wa'adi da kansu bisa ƙa'idojin kotu, amma ƙa'idojin kotunansu ne. Abin da za a tambaya shi ne ko mai amfani zai iya shigar da nasa ƙa'idojin, ta yadda idan aka rubuta ranar karɓar sammaci, kwana 8 da kwana 14 na C.I. 47 za su fito da kansu a kalanda. Haka wa'adin ɗaukaka ƙara a ƙarƙashin ƙa'idojin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 1997, wato kwana 21 idan umarni ne na tsakiyar shari'a, da wata 3 idan hukuncin ƙarshe ne. Haka kwana 30 da dokar gudanar da haraji ta 2016 ta bai wa mai biyan haraji ya ƙalubalanci shawarar GRA. Akwai kuma dogayen wa'adi da aka fi mantawa da su saboda nisansu: a dokar iyakance lokacin ƙara ta 1972, bashin da ya samo asali daga kwangila yana da shekara 6, neman mallakar fili kuma shekara 12. Kamfanin da ke ba da kaya bashi ya kamata ya sa wa kowane babban bashi irin wannan agogo tun ranar da biya ya wajaba. Lauyan kamfani ne zai duba waɗannan ƙa'idoji ya tabbatar da su kafin a shigar, domin shi ya san yadda ranakun hutu ke shafar lissafin.

Wajen hutu, a tabbata ana iya ƙara ranaku da hannu. Manyan kotunan Gana suna dogon hutu a watannin Agusta da Satumba, sabuwar shekarar shari'a ta fara a Oktoba, kuma ƙaramar Sallah da babbar Sallah ranakun hutu ne na ƙasa waɗanda ba a sanin ranarsu tabbas sai an ga wata. Kalandar da aka kulle da hutun wata ƙasa za ta riƙa ba da lissafin da bai dace da mu ba.

Abu na biyu shi ne ɗage zama, wanda duk wanda ya taɓa zama a harabar kotunan Akra ya san shi ne abincin yau da kullum. Manhaja mai amfani tana ajiye tarihin kowane ɗagewa da dalilinsa da ɓangaren da ya nema, ba ta goge tsohuwar rana ta ɗora sabuwa a kanta. Wannan tarihi ne zai nuna wa darektoci bayan shekara biyu ko jinkirin daga kotu yake, ko daga abokin shari'a, ko daga lauyan da kamfani ke biya. A gwada kuma abin da take yi idan aka ɗage shari'a ba tare da an sa rana ba, domin wasu manhajojin sukan ɓoye duk batun da ba shi da rana mai zuwa, alhali irin waɗannan ne suka fi buƙatar a riƙa tuna su duk wata. Tunatarwa kuma ta je wa mutum biyu aƙalla, kuma idan na farko bai nuna ya gani ba, ta haura zuwa na sama da shi. Ko da yake an ƙaddamar da tsarin shigar da ƙara ta intanet a kotunan Akra a 2019, kada a ɗauka cewa manhajar waje za ta janyo ranakun zama daga can da kanta. Duk mai sayarwar da ya yi wannan iƙirari a ce ya nuna a gani da ido.

Kuɗi

Nan ne zaɓin ya fi wuya, kuma nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. Manyan manhajojin tantance cajin lauyoyi sun dogara da wani tsarin takardar biya na kwamfuta da ake kira LEDES, inda lauya ke rubuta kowane aiki da lambarsa da mintocin da ya ɗauka, yawanci a ma'aunin minti shida-shida, sai manhajar ta duba ko ya wuce farashin awa da aka amince. Wasu manyan ofisoshin lauyoyi na Akra da ke aiki da bankuna da kamfanonin haƙar ma'adinai suna caji da awa, amma lauyan da yawancin 'yan kasuwarmu ke hulɗa da shi ba haka yake yi ba. Wani yana karɓar kuɗin riƙo na wata ko na shekara, wani yana yanke farashi ɗaya na shari'ar baki ɗaya a biya kashi-kashi, wani yana ɗaukar kaso daga abin da aka karɓo, wani kuma yana da kuɗin kowace fitowa kotu da na mota. Ƙungiyar Lauyoyin Gana tana da jadawalin caji da ake dubawa wajen ciniki. Saboda haka tambayar da za a yi ita ce ko manhajar tana karɓar takardar biya ta PDF, ko ma hoton takarda da aka ɗauka da waya, kuma ko tana iya riƙe waɗannan nau'o'in caji duka a shari'a ɗaya. Idan sai da LEDES take aiki sosai, to za a biya kuɗin abin da ba za a taɓa amfani da shi ba.

Dole kuma ta raba ladan lauya da kuɗin da ya kashe a madadin kamfani, kamar kuɗin shigar da takardu a rajistarar kotu, da na kai sammaci, da na safiyo a shari'ar fili, da na tafiya idan zaman a Kumasi ko Tamale yake. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kasance da wurin maƙala rasidinsa. Wannan rabuwa tana da amfani ga amana tsakanin kamfani da lauyansa, tana kuma da amfani ga haraji, domin kamfani yana cire kashi 7.5 cikin 100 daga ladan aikin da mazaunin Gana ya yi masa ya miƙa wa GRA cikin kwana 15 bayan ƙarewar watan, sannan lauya ya sami shaidar abin da aka cire masa. Manhajar da ba ta da gurbin abin da aka caja, da abin da aka cire, da abin da ya shiga hannun lauya, za ta riƙa nuna bashin da babu shi, kuma daga nan saɓani ke farawa. Haka harajin VAT da waɗanda ake ɗorawa tare da shi kamar NHIL na inshorar lafiya da GETFund na asusun ilimi: gwamnati tana sauya su lokaci zuwa lokaci, don haka akanta ya iya gyara adadin da kansa ba sai an rubuta wa masu manhajar an jira ba. Kuɗin kafin alƙalami da ake bai wa lauya ma a ga yadda ake rage shi sannu a hankali har ya ƙare.

Sai batun nau'in kuɗi. Mai motocin da ke shiga Burkina Faso ko Togo yana iya samun lauya a can da ke caji da sefa, mai odar kaya kuma yana iya samun takaddama da dala. Mun ga abin da ya faru a 2022, lokacin da dala ta tashi daga kusan sidi 6, kuɗin Gana, a farkon shekara zuwa sama da sidi 13 a watan Nuwamba. Manhajar da ke juya komai da farashin canji na yau za ta ɓata tarihin abin da aka kashe. Wadda ta dace tana ajiye asalin kuɗin da aka biya, da farashin canjin ranar da aka biya, sannan ta ba da jimilla da sidi.

Babban amfanin wannan duka shi ne kasafi na kowace shari'a, a gefen adadin da ake jayayya a kai. A ce kamfani yana bin wani sidi 80,000, an shekara uku ana kai da komo, an kashe 55,000, kuma ba a fara sauraron shaidu ba. Idan waɗannan lambobi suna warwatse a rasidai da saƙonnin waya, babu mai gani, sai a ci gaba saboda zuciya. Idan kuwa suna layi ɗaya a gaban maigida, zai iya yanke shawarar neman sulhu da idonsa a buɗe. A ɓangaren Babbar Kotu mai kula da shari'o'in kasuwanci ma akwai zaman neman sasantawa kafin a fara shari'a, kuma wanda ya shiga wannan zama da lissafinsa a hannu ya fi sanin inda zai sassauta. Idan kamfanin ne ake bi, a tuna cewa kotu takan ɗora ruwa a kan bashin hukunci bisa ƙa'idojin 2005 da ake kira C.I. 52, don haka adadin da ke cikin sammaci ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma manhajar ta ba da damar sabunta ƙiyasin abin da za a iya biya.

Wannan ƙiyasi shi ne masu binciken kuɗi ke nema a ƙarshen shekara. A ƙa'idar lissafi ta IAS 37, idan ya fi yiwuwa kamfani zai biya kuma ana iya ƙiyasta adadin, sai a ware kuɗin a cikin lissafi, idan kuwa yiwuwar ba ta kai haka ba amma tana nan, sai a bayyana ta a bayanan da ke biye. Manhajar da ke da gurbin ra'ayin lauya game da yiwuwar nasara, da ranar da ya ba da ra'ayin, tana mayar da aikin mako guda zuwa na yini ɗaya. A kuma duba yadda take magana da manhajar lissafin kamfani, ko Tally ce ko QuickBooks ko Sage. Idan babu haɗi kai tsaye, aƙalla ta fitar da tebur mai tsabta da akanta zai ɗauka ba tare da ya sake bugawa da hannu ba.

Sirri, wuta da intanet

Abin da ke tsakanin kamfani da lauyansa sirri ne da doka ta kare, kuma yawancin kamfanoninmu na iyali ne, inda ɗa da ƙane da suruki duk suna ofis ɗaya. Wata shari'ar ta shafi korar ma'aikacin da ɗan'uwansa ke riƙe da kwamfutar, wata ta shafi gado ko hannun jari. Don haka izinin gani ya zama na kowace shari'a daban, kuma manhajar ta riƙa rubuta wanda ya buɗe takarda da wanda ya sauke ta da lokacin da ya yi. Shiga kuma ya buƙaci kalmar sirri tare da lambar da ke zuwa waya. Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya yi rajista da Hukumar Kare Bayanai, ya sabunta duk shekara 2, ya kuma ɗaure duk wanda ke sarrafa masa bayanai da rubutacciyar yarjejeniya a kan matakan tsaro, sannan ya sanar idan an yi kutse. Saboda haka a tambayi mai sayarwa ƙasar da rumbun ajiyarsa yake, da takardar shaidar tsaro irin ISO 27001 ko rahoton SOC 2, da cikin kwana nawa zai sanar idan wani abu ya faru. Yanzu da kusan kowace manhaja ke tallar ƙirƙirarriyar basira mai taƙaita takardu, a nemi a rubuta a kwangila cewa ba za a yi amfani da takardun kamfani wajen horar da ita ba.

Wanda ya rayu a shekarun dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wutar lantarki a Gana, ba ya buƙatar a tuna masa batun wuta, kuma ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, ofisoshi da yawa a Gana sun yi kwanaki suna fama. Manhajar ta yi aiki a waya da ɗan ƙaramin data, kuma ta iya fitar da jerin zaman makonni biyu masu zuwa a takarda ɗaya da za a buga duk Litinin. Yawancin lauyoyi da WhatsApp suke aiko da rahoton abin da ya faru a kotu, don haka a ga sauƙin ɗauke saƙon da hoton takarda zuwa cikin kundin shari'ar. A kuma tambayi lokutan da masu ba da taimako suke aiki, domin idan ofishinsu yana Kalifoniya ko Niw Zilan, safiyarmu darensu ne.

Farashi da hanyar fita

Wasu suna caji bisa yawan masu amfani, wasu bisa yawan shari'o'i ko yawan kuɗin da ke bi ta cikin manhajar, wasu kuma suna cajin ofishin lauyan da ke aiko da takardar biya, abin da zai iya dawowa kan kamfani ta bayan gida. A nemi jimillar shekara 3 a rubuce, haɗe da kuɗin girkawa da horarwa da kwashe tsofaffin bayanai, kuma tun da galibi da dala ake biya, a lissafa abin da zai zama idan sidi ya sake faɗuwa. A karanta sharaɗin sabuntawa da kyau, domin kwangiloli da yawa suna sabunta kansu idan ba a ba da sanarwa kafin wani wa'adi ba, a kuma nemi iyakar ƙarin farashi na kowace shekara.

Tun kafin a shiga a san yadda za a fita. Dokar haraji tana buƙatar a ajiye takardun lissafi na shekara 6 aƙalla, wasu shari'o'in fili kuma sukan fi haka daɗewa, saboda haka kwangila ta faɗi ƙarara cewa bayanan na kamfani ne, za a iya sauke su duka da takardunsu a tsarin da kowace kwamfuta ke buɗewa, cikin wa'adi sananne, ba tare da wani sabon caji ba. Masu son wani matashi mai ilimin kwamfuta ya ƙera musu tasu, wannan hanya ce mai kyau idan an rubuta cewa asalin rubutun manhajar da kalmomin sirrin rumbun ajiya mallakin kamfani ne, kuma akwai mutum na biyu da zai iya gyara ta idan na farko ya yi tafiya ko ya sami wani aikin.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A zaɓi manhaja biyu ko uku, a nemi gwaji na wata guda, a ɗauko shari'o'i biyar na gaske daga teburin farko bayan an sauya sunaye: wadda aka ɗage sau da yawa, da wadda lauyanta ke karɓar kaso, da mai kuɗin waje, da ta gaban Hukumar Ƙwadago, da wadda aka sasanta a zaure. Wanda zai shigar da su shi ne akawun da zai riƙe aikin kullum, tare da akanta, ba mai sayarwa ba kuma ba yaron kwamfuta ba. A roƙi akawun ɗaya daga cikin lauyoyin ya aiko da takardar biya ta ciki a ga ko zai iya ba tare da an tsaya a kansa ba. A ƙarshen watan maigida ya yi tambaya uku da bakinsa: wane zama ke gabanmu a mako mai zuwa, nawa muka biya wannan lauya bana, kuma nawa za mu iya biya idan duka shari'o'in nan suka juya mana baya. A ɗauki agogo a ga mintocin da kowace manhaja ta ɗauka kafin ta amsa.

Bayan an zaɓa, a naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda alhakin kundin ke wuyansa, da mataimakin da zai tsaya idan ba ya nan, a kuma kafa doka a ƙofa cewa duk takardar da ta fito daga kotu ko lauya ko hukuma, mai gadi ne ya karɓa ko sakatare, za a ɗauki hotonta a shigar a ranar kafin a tashi. Lokacin da ya fi dacewa da kwashe tsofaffin kundaye shi ne watan Agusta, sa'ad da manyan kotuna ke hutu kuma lauyoyi ke da sararin amsa wasiƙa. A fara da shari'o'in da ke da zama a Oktoba, a bi da waɗanda aka ɗage ba rana, sannan a bar rufaffun zuwa ƙarshe.